Sa Hannun Anti Gida-Gida

A asibitin da take aiki, ko rabin ma'aikata ba su san sunanta na gaskiya ba. Anti Gida-Gida ake ce mata, tun daga masu gadi har manyan likitoci, don aikinta ke nan. Idan aka sallami majinyaci, ita ke bin sa har ɗakin da zai kwanta, ta duba ko akwai mai juya shi, ko famfo na kawo ruwa, ko matakalar benen za ta hawu ga mutumin da rabin jikinsa ya mutu. Shekara goma sha tara tana wannan zirga-zirga. Ta san gidan da karensu ke cizo, ta san gidan da ake karɓar magani a sayar, ta san gidan da in an ce mata "lafiya lau" to ranar ba a ɗora tukunya ba.

Ba da wata babbar takarda ta shigo asibitin ba. Tana 'yar shekara ashirin da biyu aka ɗauke ta turin gadon marasa lafiya daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin kwanciya, ta yi shekara biyar tana turi. Sai dai bakinta ba ya shiru. Kafin ta kai mutum gadonsa ta riga ta ji wa ya kawo shi, wa ya gudu ya bar shi, wa ke cin fanshonsa. Wata tsohuwar nas ta gaji ta ce mata, "Ke, wannan kunnen naki asararsa ake yi a bayan gado," ta ja hannunta ta kai ta ofishin jin daɗin majinyata. A nan ta yi digirin farko, tana aiki tana karatu, shekara shida, da goyo biyu a tsakani.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, kusa da wurin wanki, tebur uku da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an tokare shi da gwiwa. To ga inda abin haushin yake. Duk rahoton da ya fita daga ɗakin nan, na neman a riƙe majinyaci ne, na keken guragu ne, na kai wa kotu ne, takardar banza ce har sai jami'i mai lasisi ya sa mata hannu ya buga hatimi. Lasisi kuwa ba a ba kowa sai mai digiri na biyu. A duk ofishin mutum ɗaya ke da shi, shugabansu, wanda suke kira Oga Biro saboda biro uku da ba sa rabuwa da aljihun gabansa. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Amma bawan Allahn nan bai taɓa hawa benen kowa ba, kuma a wata guda da wuya ya yi kwana goma a kujerarsa. Yau taron bita, gobe taron ƙara wa juna sani. Ita ta taka, ita ta gani, ita ta rubuta, shi kuma ya dawo ya zana sunansa a ƙasa.

Ta yi ta haɗiye wannan har ranar maganar wani tsohon birkila. An yanke masa ƙafa, ɗakinsa a hawa na huɗu, ba mata ba ɗa. Ta je ta gani, ta dawo ta rubuta shafi biyu cewa kada a sallame shi sai an samo masa wuri a ƙasa. Ta ajiye a teburin Oga Biro ranar Litinin, Oga kuwa yana wani gari wajen bita. Ta kira shi, ya ce ta yi haƙuri ya kusa dawowa. Ta ɗauki takardar da hannunta ta kai wa babbar nas, ita kuma ta juya ta gaba da baya ta ce, "Ba hatimi, Anti. Ni kuma gado nake nema." Ranar Alhamis aka sallami birkila, maƙwabta biyu suka ɗora shi a kujera suka haura da shi. Bayan mako guda suka ɓalle ƙofar, suka same shi a ƙasa tsakanin gado da bokiti. Aka dawo da shi asibiti, ya yi kwana biyu ya cika.

Washegari Oga Biro ya dawo da jakar taro sabuwa fil. Ya zauna, ya jawo tarin takardu, yana sa hannu yana ba su labarin otal. Da ya iso kan ta birkila, Anti ta ce masa mutumin ya rasu. Ya ce, "Ayya, Allah ya ji ƙansa." Sai ya sa hannu. Wallahi ya sa hannu! Ya buga hatimi, ya duba kwanan watan da ta rubuta a sama, ya kwafe shi a ƙasa, wai don fayil ya cika.

Ranar ta shiga gida ko takalmi ba ta cire ba. Maigidanta mai gyaran firji ne, mutum mai sanyi kamar kayan da yake gyarawa. Ta same shi a falo yana warware wata waya.

Ta ce, "Baban yara, makaranta zan koma."

"Wace makaranta kuma? Ba kin gama ba?"

"Ban gama ba. Hannuna ba shi da amfani."

Ya dubi hannun, ya dubi fuskarta, ya ga ba ranar wasa ba ce. Ya ce, "To, Allah ya taimaka. Amma ki cire takalmin."

Shiga kawai sai da ta ci mata shekara uku. A shekarar farko tsohuwar makarantarta ta ce ba a ga takardar sakamakon jarrabawarta ba. Sawu bakwai ta yi, a na bakwai aka zaro ta daga fayil ɗin wata mai irin sunanta, an riga an rufe karɓar fom. A shekara ta biyu aka ce sai da wasiƙar shaida daga shugabanta a wurin aiki. Wane ne shugaban? Oga Biro mana. Ya ce ai ba komai, abin alfaharin ofis ne. Wasiƙar ta isa jami'a kwana biyu bayan rufewa. A ta uku sai ta zauna ta rubuta wasiƙar da kanta, ta yabi kanta son ranta, ta ajiye a gabansa, ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu har ya zaro biro. Da aka kira ta ganawa, malamai uku suka tambaye ta me ya sa take son digiri na biyu a fannin aikin jin daɗin jama'a. 'Yarta ta fari ta riga ta haddatar da ita amsa mai daɗi, cike da zancen hidima wa al'umma. Ta buɗe baki sai ta ji ta ce, "So nake in sa hannu." Suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne, suka ɗauke ta.

Karatun Juma'a da yamma ne da Asabar yini guda, a wani aji mai fanka ɗaya da ke kuka. Tana da shekara arba'in da tara, sauran kuwa sa'o'in 'yarta ne, duk Mama suke ce mata. Ta yi sa-in-sa da malamai ba sau ɗaya ba. Wani ya zana musu a allo yadda ake ziyarar gida, mataki bakwai da kibiyoyi. Ta ɗaga hannu ta tambaye shi a wane mataki ake idan matar gidan ta fashe da kuka, mijin kuma yana kwance cikin fitsari. Ya ce tambaya ce mai kyau, ya ci gaba da kibiyoyinsa. Duk da haka ta ƙaru, ba za a hana ta wannan ba. Abubuwan da ta daɗe tana gani ba ta san sunansu ba ta samo musu suna, ta kuma koyi dokokin da za ta iya kafa wa babbar nas hujja da su.

Darasi ɗaya ne ta yi wa riƙon sakainar kashi. An koya musu cewa kafin ɗalibi ya ɗauki maganar kowa don bincike, sai ya nemi izinin wani kwamiti na jami'a, sannan mai maganar ya ji abin da za a yi da ita ya sa hannu a takardar yarda. Tana ajin, ta ji da kunnenta. Amma a ranta ta ce wannan na baƙi ne, na yaran nan da za su faɗa gidan mutane da jaka a baya ko sunan mai gidan ba su sani ba. Ita da ake buɗe wa ƙofa tun kafin ta ƙwanƙwasa? Ita da ake miƙa wa jariri ta riƙe? Ta ja tsaki, ta rufe littafi, ta shiga tunanin motar da za ta kama.

Kundin digirinta a kan matan da ke jinyar mazajensu a gida ne bayan shanyewar ɓarin jiki. Ba ta sha wahalar nemansu ba, ai su ne mutanenta na kullum, mata ashirin da huɗu. In ta je ziyarar aiki sai ta ajiye waya a kan tebur ta ce, "Bari in kunna wannan don kada in manta." Su ce to. Ba ƙarya ta yi musu ba. Amma ba ta ambaci makaranta ba, su kuma duk zatonsu na ofis ne, don a samo musu katifa ko magani.

A cikinsu akwai matar wani tela, tsohuwa siririya mai ƙaramar murya. Shekara bakwai mijinta na kwance, ba magana sai ido. Ɗaki ɗaya suke a hawa na biyu, keken ɗinkinsa na lulluɓe a kusurwa, an mai da shi wurin jera magunguna. Ɗansu ɗaya yana nesa, sai dai waya. Anti na ce mata Inna, ita kuma ta ce "'yata", kuma ba faɗar baki ba ce, don Anti kaɗai Inna ke yarda ta taya ta yi wa Tela wanka. Wata rana an kwantar da shi asibiti saboda ciwon ƙirji, su biyu suka zauna a benci bayan wurin wanki, wayar na tsakaninsu, sai bakin Inna ya buɗe. Awa ɗaya da rabi tana magana. Ta ce kullum da safe takan tsaya ta kasa kunne, in ta ji numfashinsa sai jikinta ya mutu, ta ce, yau ma. Ta ce akwai ranar da ta bar shi a jiƙe tun safe har la'asar, da gangan, tana zaune tana kallonsa yana kallonta. Ta ce ta taɓa sa takalmi ta sauka har bakin titi da niyyar ba za ta dawo ba, abin da ya juyo da ita shi ne ta tuna ta bar taga a buɗe, iska na kaɗa shi. A ƙarshe ta share ido ta ce, "Ban taɓa gaya wa kowa ba, 'yata. Ko a addu'a ba na faɗa."

Wannan ya zama babi na huɗu, shafi arba'in da ɗaya. Ta canza sunan Inna, ta mai da tela kafinta. Malamar da ke duba aikinta, wadda suke kira Dakta, mace mai ɗalibai ashirin da ba ta da lokacin shan ruwa, ta karanta ta cire tabarau ta ce, "Mama, babin nan shi ne kundin. Sauran duk rakiya ce." Aka sa ta karanta wani ɓangare a gaban aji. Mutum talatin suka yi tsit, wata yarinya ta yi hawaye, aka tafa mata. Ranar ta koma gida kanta ya kumbura, har maigida ya fara tsokanarta da Farfesa.

Dokar jami'a shekara uku ce, in ta cika ɗalibi bai kare kundinsa ba sai a soke sunansa. Saura mako tara nata wa'adin ya cika ta je cike fom ɗin kare kundi. A shafi na biyu akwai wani ɗan gurbi, an rubuta lambar izinin kwamiti. Ta tambayi sakatare mece ce wannan. Ya ɗago ya dube ta kamar wadda ta ce ta manta hanyar gidanta. Da Dakta ta ji sai ta dafe kai. "Mama! Ni na ɗauka kin karɓa tun shekarar farko!" Ji fa. Shekara biyu tana karanta aikin nan ba ta taɓa tambaya ba, amma yau ita ce mai dafe kai.

Kwamitin mutum uku ne, a wani ɗan ɗaki mai sanyin na'ura. Anti ta shiga da shirin yaƙi. Ta lissafa musu shekarunta a aiki, ta lissafa musu benayen da ta hau, ta ce duk wanda ya rubuta dokar nan bai taɓa kwashe wa kowa kashi ba. Shugabansu, wani dattijo, ya bar ta ta zazzage tas. Sai wata ƙaramar malama a gefe, wadda da ƙyar ta girmi 'yarta, ta ce a hankali, "Mama, tambaya ɗaya ce. Su matan sun san makaranta za ki kawo maganarsu?"

"Sun san ni."

"Ba shi na tambaya ba."

Kai! Da ido na kisa, da yarinyar nan ba ta fita ɗakin da ƙafarta ba. Dattijon ya ce bisa doka aikin gaba ɗaya ya kamata a zubar, amma saboda shekarunta a aiki za a yi mata sassauci. An ba ta mako shida. Ta koma wajen kowace mace, ta gaya mata gaskiya, ta karanta mata abin da aka rubuta daga bakinta, ta samo sa hannu ko dangwalen yatsa. Duk wadda ta ƙi, a cire maganarta ɗungurungum.

Ta fito tana huci ta ci karo da wani ɗan ajinsu da ake kira Nan-da-nan, don bai taɓa kwana biyu a kan aiki ba. Da ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Mama, wannan ne ya tayar miki da hankali? Yatsu goma gare ki, maigidanki na da goma, 'yarki ta cika huɗu. Wa zai bi ya auna? Ni nawa a mota na cike su." Ta ce masa Allah ya shirye shi, ya ce amin.

Ta sayi ɗan akwatin tawada ta shiga bi gida-gida bayan tashi daga aiki, tana hawa bene tana zagin kwamiti a ranta. Goma sha bakwai suka yarda. Wata ma daɗi ta ji. "Au, a littafi zan fito? To ki gyara. Ban ce surukata muguwa ce ba, cewa na yi ba ta da kirki." Biyu sun rasu. Uku sun tashi, ba wanda ya san inda suka koma. Ɗaya ɗanta ya tare ƙofa ya ce uwarsa ba ta sa hannu a takardar kowa. Inna ta bari a ƙarshe, saura kwana huɗu, don ita ce wadda ba ta da shakka a kanta.

Ta same ta tana ba Tela shayi da cokali. Ta taya ta suka juya shi, suka gyara zanen gado, sannan ta ce, "Inna, zo mu ɗan fita, magana ce." Suka tsaya a baranda kusa da igiyar shanya. Anti ta yi bayanin makaranta da kundi da kwamiti da fitinarsu, tana yi tana dariya. Inna na murmushi, ba ta ma bari ta gama ba ta miƙo babban yatsa. "Ina wurin, 'yata?"

Ga yatsa a miƙe, ga tawada a buɗe. Da ta kama ta danna, shi ke nan an gama. Amma sauran goma sha bakwai duk ta karanta musu, sai ta buɗe babi na huɗu ta fara da murya ƙasa-ƙasa. Ta karanta maganar numfashi. Ta karanta ta ranar da aka bar shi a jiƙe. Kafin ta kai kan taga, yatsan ya koma cikin mayafi.

"Tsaya," in ji Inna. "Wannan maganar da na yi miki a bayan wurin wanki ce?"

"Ita ce, Inna. Amma na canza suna, na ce kafinta ne, ba wanda zai gane."

"Wa ya gani?"

"Malamata. Da mutum uku na kwamiti."

"Sai wa?"

Da ta iya yin shiru a nan, amma bakinta bai saba ba. "Na karanta kaɗan a aji."

"Mutum nawa?"

"Talatin."

Inna ta juya ta jawo ƙofar ɗakin ta rufe sosai don kada ya ji. Sannan ta ce, "Me suka ce?"

Anti ta ce, "Sun tafa."

"Sun tafa." Muryar Inna ba ta ƙaru ba ko kaɗan. "Na bar mijina cikin fitsari, yara talatin sun tafa. Na ce miki ko a addu'a ba na faɗa. Kin ji na faɗi haka ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

"Shi ma kin rubuta?"

Ta rubuta. Shi ne ma kan babin, da manyan baƙaƙe, Inna kuwa ta karanta amsar a fuskarta.

"Kin canza suna. Ni da ke ba mu san ko wace ce ba? Ni na ɗauka 'yata nake gaya wa, ashe 'yar makaranta ce."

"Inna, don a taimaki irinku ne, don a san abin da kuke sha."

"Ki taimake su da naki sirrin. Ba ki da miji? Ki rubuta ranar da kika so ya mutu, ki kai musu su tafa." Ta shige ɗaki, Anti ta ji an murza makulli.

Ta sauko benen ranta na tafasa, tana neman wanda za ta ɗora wa. Ta gwada kwamiti, ta gwada Dakta, ta gwada ƙaramar malamar nan mai sanyin baki, ta gwada Oga Biro. Duk wanda ta ɗora wa sai haushin ya zame ya dawo kanta. A tashar mota ta zauna har bas uku suka wuce ta. Ga takardar yarda a cinyarta, ga tawada a jaka, ga yatsanta. Nan-da-nan bai yi ƙarya ba, ba wanda zai bi ya auna. Kuma ba ƙaramin abu ba ne a ɗaya gefen: shekara shida na wahala, da hatimin da zai hana a sake sallamar wani zuwa hawa na huɗu. In kundin ya faɗi saboda babu babin, ba ta da wata shekara ta gyara. Har ta buɗe murfin tawadar. Sai ta ga abin da za ta yi daidai yake da na Oga Biro, mutumin da ta raina, cike gurbi don fayil ya cika. Ta yi ƙwafa, ta mayar da murfin, ta hau bas na huɗu.

Da ta isa gida ta cire shafi arba'in da ɗaya, ta goge muryar daga wayar. Dakta ta kusa kuka. "Kin san abin da kika yi kuwa? Zuciyar aikin kika cire!"

Anti ta ce, "Mai ita ta ce a ba ta kayanta."

Ta yi faci da abin da ya rage, ta miƙa. Ranar kare kundi aka kawo wani babban farfesa daga wata jami'a. Ya yi ta juya shafuka da ɗan yatsa, ya gyara tabarau ya ce aikin ya cika sharuɗɗa, amma ba shi da rai. "Mai karatu zai ji kamar marubuciyar ba ta taɓa zama da matan nan ba. Shawarata, Malama, ki riƙa shiga gidajen mutane." Gidajen mutane! Ita za a gaya wa gidajen mutane! Dakta ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Anti ta ce, "Na gode, Farfesa." Ta ci, da maki mafi ƙanƙanta a duk ajin. Nan-da-nan shi ya zo na ɗaya, har da kyautar littafi.

Bayan wata biyar lasisi ya fito, hatimin ya zo a wani ɗan kwali. Oga Biro ya tara ma'aikata ya sayo lemo, ya yi jawabi cewa shi dama tun farko ya hango baiwarta, shi ya rubuta mata wasiƙar shaida. Ta bar shi ya gama, don ba ta da sauran ƙarfin faɗa da shi.

A watannin nan biyar sau uku ta je gidan Tela ba a buɗe mata ba, sai dai ta bar magani wajen maƙwabciya. Kwana biyu da zuwan hatimin maƙwabciyar ta kira ta ta ce bayan Tela ya fara gyambo saboda kwanciya. Yana bukatar katifa ta musamman da nas mai zuwa wanke ciwo, kuma ba a bayarwa sai jami'i ya shiga ya gani da idonsa ya rubuta. Ta sa hatimin a jaka ta tafi. Ta ƙwanƙwasa ta daɗe a tsaye, sannan ƙofar ta buɗe kaɗan, iya faɗin fuska.

"Inna, na cire shi. Duka na cire, muryar ma na goge."

"Daga kunnen mutum talatin ɗin ma kin goge?"

Anti ta ce, "Yana bukatar katifa. Yanzu ni ke sa hannu da kaina, ba jira. Ki bar ni in gan shi, yau-yau zan rubuta."

"Yana bukata," in ji Inna. "Ki turo wata."

"Wace?"

"Ko wace ce. Wadda ban taɓa gaya wa komai ba."

Ta koma ofis da rana tsaka. Oga Biro yana wajen bita. Ta tokare kabad da gwiwa ta zaro fayil ɗin Tela, mai kauri, kowane shafi rubutun hannunta ne. Ta cike fom ɗin miƙa majinyaci ga wani jami'i, ta rubuta sunan sabuwar ma'aikaciyar da ke tebur na uku. Ta zaro hatimin daga kwalinsa, ko tawada bai taɓa sha ba, ta sa hannu, ta buga.

Ta kira yarinyar ta miƙa mata. "Ki tafi yanzu, ki dawo da rahoto kafin a tashi, zan sa masa hannu yau. Hawa na biyu ne, ƙofar ƙarshe. Ta gefen hagu ake juya shi, kafaɗarsa ta dama na ciwo. Ki gaishe shi ko da bai amsa ba, yana ji. Kada ki ce mata Inna sai in ita ta ce ki faɗa. Wayarki kuma ta zauna a jaka."

Yarinyar ta ce, "Anti, ba za ki raka ni ba? Ban san su ba."

"Shi ya sa ke za ki je."

Yarinyar ta rungumi fayil ta fita. Anti ta zauna ta jawo fayil na gaba.